Makaman Taɓaɓɓun Masana: Kundin Aiki

6 ga Janairu

Aikin da na sa a gaba shi ne haɗa katunan makamai don wasan labarin da muke yi a kan tebur, irin wanda mutum ɗaya ke jagora yana faɗin abin da ke faruwa, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya yana faɗin abin da jaruminsa zai yi, dayis kuma, wato ɗan abin jifa mai lambobi a fuskokinsa, ya raba gardama. Duniyar labarinmu ta tsaya a zamanin injin tururi da farkon lantarki, cike da masanan da bincike ya taɓa musu kai. Su ne maƙeran. Takobi da bindiga muna da su tun tuni. Abin da babu shi ne makamin da za ka ɗauka ka ji cewa wani ne ya hana idonsa barci shekara da shekaru kafin ya fito da shi.

Ƙa'ida ɗaya na kafa. Kowane makami zai tsaya a kan wata fahimta da masana na gaske suka taɓa riƙewa, daga baya ta rushe. A cikin makamin, wannan fahimtar gaskiya ce. Daga ita ƙarfinsa zai fito, daga ita kuma sharrinsa zai fito. In na rubuta "bindigar haske, ɓarna dayis uku" na tsaya, suna kawai na sake wa bindiga.

Abu huɗu kati zai ɗauka: abin da maƙerin ya yi imani da shi, abin da makamin ke yi, abin da yake ci, da yadda yake juya wa mai shi baya. Duk ƙage ne, ba wanda zai haɗu a zahiri, kuma haka nake so ya zauna.

11 ga Janairu

Yau lissafi. Wasanni da yawa da suka biyo sawun wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, suna jefa dayis mai fuska 20, kuma a teburori da dama an saba cewa in 1 ta fito, abu ya ɓaci. Kashi 5 cikin 100 ke nan a kowace jifa. Wanda ya harba sau 10, yiwuwar ya gamu da 1 ko da sau ɗaya ta kai kusan kashi 40. Lissafin ba shi da aibu. Abin da ba na so shi ne ɗan wasa ba shi da hannu a ciki. Masifa ce ta faɗo masa daga sama, sai ya tashi daga tebur yana jin an cuce shi.

Ga tsarin da na tsayar. Ɗan wasa zai jefa fararen dayis biyu masu fuska shida kamar kullum, don a san ko ya sami abin da ya auna. Ban da su, kowane makami yana da maɓallin ƙara wuta, kuma shi zai zaɓi jajayen dayis nawa zai ƙara, daga ɗaya zuwa huɗu. Lambar kowane ja tana shiga cikin ƙarfin harbin. Amma in ko ɗaya cikin jajayen ya nuna 1, makamin ya juya. Ja ɗaya, haɗarin 1 ne cikin 6, kusan kashi 17. Biyu, 11 cikin 36, kusan kashi 31. Uku, 91 cikin 216, kusan kashi 42. Huɗu, 671 cikin 1,296, ya ɗan haura rabi, shi ya sa na tsaya a nan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wani sharaɗi da ba zan sassauta ba: ko 1 ta fito, harbin yana fita tukuna, sannan sharrin ya biyo baya. Wanda ya sai da rai ya ƙara wuta ya cancanci ya ga abin da ya saya.

19 ga Janairu

Kati na farko ya kammala: Kwalbar Ambaliya.

A 1745 da 1746, Bajamushe Ewald von Kleist da Pieter van Musschenbroek na birnin Leiden a Holan, kowa a nasa ɓangare, suka gano ana iya tara lantarki a kwalbar gilashi mai ruwa a ciki da ƙarfe a soke ta baki. Tunanin farko shi ne lantarkin a cikin ruwan yake zama, kamar wani abu mai kwarara da aka ɗura. Benjamin Franklin ne ya nuna daga baya cewa ruwan ba shi ne ma'ajin ba, gilashin ne. A Faransa kuma Jean-Antoine Nollet ya jera sojoji 180 hannu cikin hannu a gaban Sarki Louis na 15, ya sake musu kwalbar, duk suka zabura lokaci guda.

Maƙerina bai taɓa jin labarin gyaran Franklin ba. A wurinsa walƙiya ruwa ce, don haka a kwalbarsa ruwa take. In an buɗe, shuɗin haske ne ke kwararowa, ya bi gangare, ya sauka matakala, ya taru a rami, duk wanda ƙafarsa ke ciki yana shan ɓarna a kowane zagaye. Daga Nollet na ɗauko doka ta biyu: tana ratsa duk waɗanda jikinsu ke taɓa juna. Ba ta cika sai an kafa ta a waje lokacin tsawa, saboda haka dole jarumai su riƙa duban sama. In ta juya, yoyo take yi ta gindi, ta taru a inda mai ita yake tsaye.

27 ga Janairu

Mun gwada kwalbar a tebur. Jarumai suna saman bene, maƙiya na hawowa, aka tuntsurar musu da ita ta matakala. Wannan na yi tsammani. Wanda ban yi tsammani ba daga ƙanwata ya fito. Ta dubi katin ta ce, "Yaya, tunda ruwa ce, zan iya ɗiba a bokiti in kai ɗaya ɗakin?" Babu wannan a kati. Amma imanin maƙerin yana kan kati, kuma daga shi ta yi tunaninta. Na ce ta ɗiba, in dai bokitin na katako ne.

Wannan tambayar ita ce ma'aunin da zan riƙa auna sauran katunan da shi. In ɗan wasa zai iya karanta layin imani ya fito da amfanin da ban rubuta ba, katin ya yi. Na kuma lura yawancinsu a ja biyu suke tsayawa, sai wuya ta yi wuya suke kai hannu ga huɗu.

2 ga Fabrairu

Katin yau ne ya fi kwanta mini a rai zuwa yanzu.

Kafin a san iskar oksijin, masanan Turai sun shafe mafi yawan ƙarni na 18 suna bayyana ƙonewa da wani abu da suka kira filojistan. Bajamushen nan Georg Ernst Stahl ne ya gina bayanin a farkon ƙarnin. A cewarsu duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da filojistan, ƙonewa kuwa fitarsa ce. Gawayi kusan shi ne zalla, shi ya sa tokarsa ba ta da yawa. Kyandir da aka kife wa kwalba yana mutuwa ne don iskar ciki ta ƙoshi, ba ta iya karɓar ƙari. Bayani ne mai tsari, kuma ba wawaye ne suka riƙe shi ba. Joseph Priestley, wanda ya ware oksijin a 1774, ya ɗauke ta a matsayin iskar da aka yashe wa filojistan, kuma bai saki wannan fahimtar ba har ya mutu a 1804.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfe. In aka ƙona shi, nauyinsa ƙaruwa yake. To in wani abu ne ya fita, daga ina ƙarin nauyin? Wasu suka ce ai filojistan rage nauyi yake yi, yana cikin abu abin ya yi shafal, ya fita abin ya yi nauyi. Antoine Lavoisier ne ya tsare sikeli ya nuna cewa ƙarfen haɗuwa yake da wani sashe na iska, daga nan ginin ya fara zubewa.

Wannan amsar ta rage nauyi ita ce makamina. Sunansa Mazuƙin Wuta: famfo ne da dogon baki, da tanki a goye. In aka auna shi ga abu, ya zuƙe filojistan ɗin. Wuta ta mutu, albarushin maƙiyi ya zama turɓaya, tukunyar injin tururi ta huce. Abin da aka zuƙe kuma ya yi nauyi, sulke ya durƙusar da mai shi, ƙofar ƙarfe ta ƙi motsi. Lambar jajayen dayis tana taruwa a tanki, kuma duk cikar tanki mai goyon sai ya rage nauyi. A maki 10 tsallensa ya ninka. A maki 20 ƙafarsa ta bar ƙasa, sai an ɗaure shi da igiya. Dole ya zubar, zubarwar ma shawara ce: a rufaffen ɗaki iska za ta ƙoshi, fitilu su mutu, numfashi ya gagara, a kan wani abu kuwa, abin zai kama da wuta daga ɗan tartsatsi. In ya juya, bawul ne ke maƙalewa, ya ci gaba da zuƙar duk abin da ke gabansa.

Babu lambar ɓarna ko ɗaya a katin. Ba ya kashe kowa kai tsaye. Wani daga cikin 'yan wasan ya ce to ai ba makami ba ne. Ina ganin wanda zai iya mayar da bindigogin runduna guda sanduna yana riƙe da makami.

9 ga Fabrairu

Na duba gwajin Luigi Galvani da ƙafafun kwaɗi, wanda ya buga a 1791, da na ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini, wanda a 1803 a Landan ya sa wa gawar wani da aka rataye lantarki har gaɓoɓinta suka motsa. Akwai makami a nan, kowa zai gan shi. Na ajiye. Ba na son teburin da ake mayar da gawa kayan aiki, kuma wasan ba zai rasa komai ba.

16 ga Fabrairu

Makamin yau sunansa Gungura. Wannan ya ɗan lanƙwasa ƙa'idata, don asalinsa na'ura ce ta gaske, ba rusasshiyar fahimta ba. A 1943 Birtaniya ta gina abin da aka kira Panjandrum: manyan tayoyi biyu, kowace tsayinta kusan mita 3, da ganga ta nakiya a tsakani, an jera rokoki a gefen tayoyin. Nufin shi ne ya fito daga jirgin ruwa, ya sheƙa a kan yashi, ya fasa katangar kankare da Jamus ta gina a gaɓar Faransa. A gwaje-gwajen da aka yi a gaɓar Devon, rokoki suka riƙa ƙin tashi tare, wasu suka ɓalle, abin ya riƙa karkacewa yana kifewa. Ba a taɓa kai shi fagen fama ba.

Imanin da na ba maƙerin shi ne abu biyu da aka yi iri ɗaya za su yi aiki iri ɗaya. Don haka a nan jajayen dayis biyu ne tak, ɗaya na tayar dama, ɗaya na hagu, a jefa a kowane zagaye a duba tazarar da ke tsakaninsu. In babu tazara ko 1 ce, ya miƙe: 16 cikin 36. In 2 ce ko 3, ya karkace wajen tayar da ta yi rauni: 14 cikin 36. In 4 ce ko 5, ya juyo kan waɗanda suka sake shi: 6 cikin 36. Zan yi masa ɗan'uwa na ruwa, don Hasan al-Rammah na ƙasar Sham ya siffanta irinsa tun ƙarni na 13, wani abu mai siffar ƙwai da roka ke turawa a kan ruwa zuwa jirgin maƙiya.

24 ga Fabrairu

Na iso wanda ya fi ba ni wuya.

Bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a 1895, masana suka zuba ido ga sababbin haskoki. A 1903 Prosper-René Blondlot, masanin da ake girmamawa a Jami'ar Nancy ta Faransa, ya ba da sanarwar nasa, hasken N. Ba na'ura ce ke auna shi ba, ido ne: a zauna a duhu a dubi wani ɗan dishi-dishin haske, in ya ɗan ƙaru, to hasken N ya sauka a kansa. Masana da dama a Faransa suka ce su ma sun gani, suka yi ta rubuce-rubuce. A Ingila da Jamus aka yi ta gwadawa ba a ga komai ba. A 1904 Ba'amurken nan Robert Wood ya ziyarci ɗakin gwajin. Cikin duhu ya zare ɗan ƙarfen alminiyom mai kusurwa uku wanda aka ce shi ke rarraba hasken, Blondlot kuma ya ci gaba da karanta sakamako kamar ba abin da ya canja. Wood ya buga abin da ya faru a mujallar Nature, magana ta ƙare.

Labarin yana taɓa ni, don Blondlot ba maƙaryaci ba ne. Ya ga abin da zuciyarsa ta ƙwallafa ne. Makamin da zai fito daga nan akwati ne da babu komai a cikinsa, wanda yake aiki matuƙar waɗanda ke wurin sun yarda yana aiki. Matsalar ita ce ɗan wasa da jaruminsa mutum biyu ne. In na ɓoye wa ɗan wasa cewa akwatin fanko ne, ranar da ya gano zai ji na yaudare shi. In na faɗa masa, yaya jarumin zai ci gaba da yarda?

3 ga Maris

Na faɗa musu. Na ajiye katin Akwatin N a tsakiyar tebur, kowa ya karanta: babu komai a ciki, jarumanku ba su sani ba. Maɓallin ƙara wuta ba ya aiki a wannan katin. Yawan jajayen dayis shi ne yawan mutanen da ke wurin waɗanda suka yarda da akwatin, har zuwa huɗu, kuma maƙiyin da ya tsorata da shi yana cikin lissafi. Saboda haka mai akwatin dole ya yi magana, ya nuna, ya shawo kan mutane kafin faɗa. In 1 ta fito, wani daga cikin masu yarda ya ga abin da ya sa shi shakka, jagora ya faɗi ko wane ne, ya fita daga lissafi. Wanda ya buɗe murfin da hannunsa kuwa, akwatin ya mutu a wurinsa har abada.

A zaman jiya akwatin ya faɗi, murfin ya ɗan ɗaga. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya ce jaruminsa zai leƙa, don mutum ne da ba ya barin tambaya a ƙasa. Mai akwatin ta ce nata jarumin zai dafe murfin da ƙafa. Suka yi ta ja-in-ja da bakin jarumansu, duk sun san abin da ke ciki, ba wanda ya saki halin nasa. Dayis bai motsa ba tsawon lokaci, kuma ba wanda ya nemi ya motsa. A ƙarshe mai leƙen ya janye, amma ya ce in cire shi daga lissafin masu yarda. Shi ya nema, ba ni na yanke ba.

Na ƙara layi a bayanin jagora: in maƙerin akwatin ya bayyana a labari, a ba shi mutuncinsa. Kada a yi shi ɗan damfara.

10 ga Maris

Tun farko 'yan wasan ke tambayar hasken kisa, ni kuma ina jinkiri, don shi ne mafi saurin zama bindiga mai sabon suna. Tarihi ne ya ba ni mafita. A 1924 Harry Grindell Matthews ya yi iƙirarin yana da hasken da ke tsayar da inji daga nesa, bai gamsar da hukumomin Birtaniya ba. A 1934 Nikola Tesla ya gaya wa 'yan jarida yana da wanda zai kakkaɓo jirage daga nisan ɗaruruwan mil, ba a taɓa ganinsa ba. A farkon 1935 ma'aikatar sojan saman Birtaniya ta tambayi Robert Watson-Watt ko abin zai yiwu da igiyar rediyo. Mataimakinsa Arnold Wilkins ya yi lissafi ya ga ƙarfin da ake buƙata ya wuce hankali, amma ya lura igiyar za ta daki jirgi ta dawo. A ranar 26 ga Fabrairu 1935, kusa da Daventry, suka gano jirgi a sama ta wannan hanyar. Daga neman hasken kisa aka sami na'urar rada.

Haka Hasken Ajali zai kasance. Fuskar katin tana ɗauke da alƙawarin maƙerin, cewa yana kashewa daga nesa. A aikace ɗumama fata kawai yake yi. Amma allurar da ke jikinsa tana rawa duk sanda hasken ya daki ƙarfe, ko a bayan bango, ko cikin hazo. Jajayen dayis nisa suke ƙarawa. In ya juya, ƙarfen da ke jikin maƙiya ne ke yin ƙara, su san ta inda ake leƙensu. Wannan amfanin yana bayan kati, ba za a juya ba sai wani ya tambayi dalilin rawar allurar. A nan na yarda da ɓoyewa, saɓanin Akwatin N, don wanda ya gano samu zai yi, ba asara ba.

17 ga Maris

Dokar gyara ta tsaya. Makamin da ya juya ba ya sake aiki sai an gyara, kuma ba mai gyara shi sai wanda ya yarda da imanin da ke kan katin. Injiniyan da ya san filojistan babu shi zai buɗe Mazuƙin Wuta ya ga famfo kawai. Bayan gyaran farko, 1 da 2 duka suna juyar da makami: ja ɗaya ya koma 1 cikin 3, ja biyu 20 cikin 36, kusan kashi 56. Bayan na biyu, 1 zuwa 3. In ya sake juyawa, katin ya fita daga wasa.

Wanda ke kan teburina yanzu madubin ƙonawa ne. Labarin cewa masanin Girkawa na dā, Archimedes, ya ƙone jiragen ruwan Rumawa da madubai lokacin da suka kawo wa birnin Siracusa yaƙi babu shi a wurin marubutan tarihi na farko da suka ba da labarin yaƙin, daga baya ya shigo. Amma Ibn Sahl ya yi rubutu na lissafi kan madubai masu ƙonawa a Bagadaza wajen 984, kuma a 1747 Buffon ya haɗa madubai 168 a Faransa ya kunna wa katako wuta daga nesa. Abin da nake so daga wannan shi ne makamin da mutum ɗaya ba zai iya sarrafawa ba: kowane ɗan wasa ya riƙe jan dayis ɗaya, shi ne madubinsa, a jefa tare, kuma wanda 1 ta fito masa haskensa ne zai kauce ya sauka a kan wani abu nasu. Abin da ya rage shi ne maƙiyi mai motsi, tunda madubai sai abu ya tsaya wuri ɗaya. A zama mai zuwa zan gwada dokar cewa sai an tara haske zagaye biyu a jere kafin wuta ta kama, in ga ko hakan zai sa wani jarumi ya ajiye madubinsa ya je ya tsare maƙiyin, alhali tafiyarsa ta rage musu dayis ɗaya.